TANTIN DA AKE TALLATA MANA A FACEBOOK BA DON RANAR KANO AKA YI SHI BA



Yau ba gyaran waya zan koyar ba, amma ku daure ku karanta har ƙarshe. Ta cikin waya ake yi mana wannan cutar, kuma idan abin ya ɓaci wayoyin ne suke fara mutuwa.

Duk mai hawa Facebook ko TikTok kwanakin nan ya ci karo da tallan nan. Wani ya riƙe abu kamar faifai ya wurga sama, kafin ya sauko ya buɗe ya zama ɗaki. Sai a rubuto a ƙasa: ba ya shan ruwa ɗari bisa ɗari, yana cin mutum huɗu, za ka iya goya shi a baya, za ka iya jefa shi a but ɗin mota, shekara biyar ba abin da zai yi. Saura guda goma kacal, yi maza ka tura kuɗi.

To ni na yi maza na tura. Shi ya sa nake da bakin magana.

ABIN DA YA SAME NI

Ni mai gyaran waya ne a Dambatta. Ranakun kasuwa nakan ɗaure kayan aiki a babur in bi kasuwannin ƙauye ta wajen Makoɗa da Kunci, in yi gyara in yi caji. Na sayi tantin a watan Janairu don in riƙa samun inda zan killace wayoyin mutane daga ƙura. Ko sati bai yi a hannuna ba, yayana ya ce in ara masa, yana kwanan gadin injin ban ruwa a gonarsa ta rani kusa da madatsar Tomas. Ya kafa shi a bakin gona, bai sake naɗe shi ba sai ƙarshen Afrilu.

Da ya dawo mini da shi, shuɗin ya koma fari-fari kamar tsohuwar leda. Na ce kala ce kawai ta koɗe. A watan Yuni ina wata kasuwa, hadari ya taso daga gabas, na tattara wayoyi bakwai na mutane na zuba a ciki na ja zif, hankalina kwance. Iskar farko ta karya sanda ɗaya, tsinin sandar ya huda rufin, yadin ya tsage tun daga sama har ƙasa kamar takarda. Kafin in kwashe, ruwa ya gama da su. Biyar na ceto, biyu fanel ya tafi, daga aljihuna na biya. Na tura wa mai tallan hotuna, ya ce ai ban iya kafawa ba ne. Washegari lambar ta daina shiga.

Ba kukan kuɗina nake yi ba, wannan ya wuce. Abin da ya dame ni, bana ma ina ganin matasanmu suna tambayar farashi a ƙarƙashin tallan nan, ba mai tambayar komai bayan farashin.

MUN IYA SAYEN WAYA, BA MU IYA SAYEN TANTI BA

Abin mamaki, mutumin da zai je Farm Centre ko titin Beirut ya wahalar da mai shago da tambaya: RAM nawa? Batir mAh nawa? Sikirin ɗin na asali ne ko an canza? Shi ne dai zai ga tanti a bidiyon daƙiƙa 30 ya tura kuɗi. Alhali shi ma tanti yana da lambobinsa kamar waya. Ga su nan a taƙaice.

1. Lambar ruwa. Za ka ga an rubuta PU 1000mm, ko 1500mm, ko 3000mm. Yadda ake gwadawa, ana ɗora bututun ruwa a tsaye a kan yadin, a yi ta ƙara tsawon ruwan har ɗigo ya fara ɓullowa ta ƙasa. Tsawon da ruwan ya kai shi ne lambar. Kenan 1500mm na nufin ruwa mai tsawon mita ɗaya da rabi. Masu harkar sun ɗauki 1500mm a matsayin mafi ƙarancin abin da za a kira rufi mai tare ruwa. Shimfiɗar ƙasa kuwa tana son 3000mm ko fiye, saboda idan ka durƙusa a kai gwiwarka tana matso ruwan ƙasa ya ratso. Kamar IP67 ne a waya: an faɗa maka mita ɗaya, minti 30, ba a ce ka je ka yi iyo da ita ba. Tallan da ya ce "ɗari bisa ɗari" bai ba ka lamba ba, bai faɗa maka komai ba.

2. Kaurin zare. Shi ne lambar da take ƙarewa da D, kamar 68D, 150D, 210D. Ana auna nauyin zare mai tsawon mita 9,000 ne a giram. Lamba babba, zare mai kauri. Akwai kuma mai ƙarewa da T, kamar 190T, wannan yawan zaren da ke cikin saƙar ne. Kuma ku sani, 190T shi ne irin yadin da ake yin lema da shi. Eh, lemar da kuke saya a bakin titi. Yawancin tantin tallan nan yadin lema ne aka ɗinka da faɗi.

3. Sanduna. Ko dai faiba ko alminiyom. Alminiyom idan iska ta fi ƙarfinsa lanƙwasawa yake, ka miƙar da shi. Faiba tsagewa take, ta yi tsini kamar tsinken tsire, ta huda rufin da take riƙe da shi. Abin da ya same ni kenan.

4. Bakin ɗinki. Duk inda allura ta bi, rami ne. Tanti na ƙwarai za ka ga an bi ɗinkin ta ciki da wani siririn tef an manne. In babu tef, komai kyan yadin, ta ɗinki ruwa zai sauko maka.

5. Rufi ɗaya ko biyu. Mai rufi biyu yana da raga a ciki, da riga a waje, iska tana ratsawa tsakaninsu. Mai rufi ɗaya, numfashinka da guminka su ne za su taru a jikin yadin su ɗigo maka da asuba, ko da ba a yi ruwa ba.

RANA CE TAKE KASHE SHI, RUWA GAWAR YAKE TARARWA

Nan ne gundarin maganata. Mai tallan yana ta nuna maka ana watsa wa tanti ruwa da tiyo. Amma a ƙasarmu ba ruwa ne babban abokin gaban tanti ba.

Waɗanda aka ƙera wa irin wannan tanti su ne masu fita shaƙatawa a Turai da Amurka da Sin. Mutum ya fita ranar Juma'a da yamma, ya kwana biyu a gindin bishiyoyi, ya naɗe ya mayar da shi sito. A shekara da wuya ya kwana goma a ciki. Idan aka ce masa shekara biyar, lissafin kwana hamsin ake yi masa.

Mu kuma fa? Nan arewacin Kano ba dajin shaƙatawa muke da shi ba. Daga Bichi zuwa Dambatta gona ce take jingine da gona, ƙauye yana hango ƙauye. Wanda zai sayi tanti a nan aiki zai yi da shi: mai gadin albasa da tumatir a noman rani, mai kwana kan tarin gero da dawa lokacin kaka kafin a kai gida, ɗan kasuwar da yake kwana da kayansa, mai caji irina. Kafawa za a yi a bari, wata biyu, wata uku. Kenan abin da Bature zai ci a shekara biyar, yayana ya cinye shi kafin a tsinke tumatir na ƙarshe.

Ga kuma irin ranar. A watan Afrilu zafin Kano yakan taɓa digiri 40. Hasken rana yana karya zaren roba a hankali, ko nailan ne ko foliyesta, sai dai foliyesta ya fi juriya. Koɗewar kala ita ce alamar farko. Wancan shafin PU da ke ciki, wanda shi ne ainihin mai tare ruwan, zafi da laima suna cinye shi, ya fara danƙo, ya fara wari, ya riƙa ɓarewa kamar fatar maciji. Ƙurar hunturu kuma ta shiga haƙoran zif tana goge su kullum. Kafin ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, tantin ya riga ya mutu a tsaye. Ruwan Agusta ma ba zai gani ba.

Kuma ruwanmu ba ya zuwa da sallama. Iska ce take fara isowa daga gabas da ƙura, sannan ruwa. Turakun da ake sakowa a jakar tantin nan 'yan wayoyi ne da ba su fi tsawon biro ba. A ƙasar jigawa irin tamu, yaro ma zai zare su da yatsa biyu.

Ku auna da wannan. Tantin iyali da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya take rabawa, irin wanda muke gani a hotunan sansanoni, nauyinsa ya haura kilo 50, yadinsa haɗin auduga da foliyesta ne mai kauri. Duk da haka shekara ɗaya ake ƙiyasta masa idan an kafa shi an bari. To kai naka mai kilo biyu, wa ya ce maka shekara biyar?

ƘARYAR "NA GOYO NE KUMA NA MOTA"

A wajen masu yin sa, tanti iri biyu ne. Akwai na goyo, wanda mai hawan duwatsu zai ɗauka a bayansa yini guda. Shi ana rage masa nauyi ne da gangan, kuma na ƙwarai tsada gare shi, don sai an sa zare na musamman da sandar alminiyom kafin abu ya yi sauƙi kuma ya yi ƙarfi. Akwai na mota, mai nauyi, mai kauri, mai faɗi, wanda ba a damu da nauyinsa ba tunda mota ce za ta ɗauka.

Abu ya zama marar nauyi, mai ƙarko, kuma mai araha, duka uku a lokaci guda? Biyu za ka samu, ɗaya sai ka haƙura. Mun san wannan a harkarmu. Fawa bankin da aka rubuta masa 50,000mAh amma ka ɗaga ka ji shi kamar kwalin ashana, ka san me ke ciki. Haka tantin nan yake. Rashin nauyinsa ba fasaha ba ce, rashin kaya ne.

Kuma kai Malam, wane dutse za ka hau? Boxer ce za ta kai maka shi gona, ko amalanke. Nauyi ba matsalarka ba ce. In har za ka saya, nemi mai nauyin.

ABIN DA YAKE YI WA WAYA

Wannan fannina ne, don haka ku saurara.

Tanti a rufe cikin rana ya fi waje zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da wayarsa tsakanin digiri 0 zuwa 35. Kai kuma ka jera wayoyi goma a caji cikin tanti da azahar ɗin bazara. Batir ya kumbura, ya ɗago sikirin, a zo a ce mai caji ne ya lalata. Ba cajarka ba ce, tanda ka saka su.

Da hunturu kuma, gumin da yake taruwa a mai rufi ɗaya yana shiga ramin caji a hankali. A cikin waya akwai wata 'yar farar takarda, idan laima ta taɓa ta sai ta koma ja. Sau nawa mutum zai rantse mini wayarsa ba ta taɓa faɗawa ruwa ba, in buɗe in ga takardar ta yi ja, fanel ya fara tsatsa. In ka bincika, a irin wannan wuri take kwana.

Sai wadda ta fi waya: rai. Don Allah kada wanda ya shiga tanti da gawayi saboda sanyi, ko ya kunna janareta a bakin ƙofa. Iskar da take kashewa ba ta da wari, barci kawai za ka ji. Yadin kuma roba ne, in ya kama wuta narkewa yake yana ɗigowa a jiki. Iyayenmu suna tuna gobarar Mina ta 1997 da ta ci mahajjata sama da 300. Bayan ita ne Saudiyya ta canza tantunan Mina zuwa waɗanda ba sa kamawa da wuta. Kyandir ko igiyar sauro a cikin tantin leda wasa da rai ne.

NA SAN ABIN DA ZA KU CE

"Ai talaka ne, abin da ya iya saya kenan." To mu yi lissafi. A ce ka sayi abu naira dubu 30 ya yi maka wata uku, kowane wata ka ci dubu 10. Wani ya haɗa rumfa da dubu 45 ta yi masa shekara biyu, wata bai kai masa dubu biyu ba. Wa ya fi kashe kuɗi? Talaka ne ma bai kamata ya sayi abu sau biyu ba. Araha ba ta ado.

"Ai wane ya yi bidiyo ya ce yana da kyau." Yaushe ya yi bidiyon? Ranar da ya buɗe kwali. A tsakar gida, a kan siminti, da yamma. Kowace waya ma ranar farko lafiya lau take. Ina roƙon masu yi mana bitar kaya da Hausa, ku ji tsoron Allah. In an ba ku kaya kyauta ku faɗa. In za ku yabi tanti, ku kafa shi a rana kwana sittin sannan ku dawo ku kunna kyamara. Mabiyanku amana ce.

"Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Gaskiya ne, in an ce masa rariya ce. Mu kuwa ce mana aka yi tulu ne.

"Kai mai gyaran waya, me ya haɗa ka da tanti?" Wayoyi biyu da na biya.

Kuma a fahimce ni, ban ce duk tanti banza ne ba. Wanda zai yi tafiyar kwana biyu, ko taron da za a kwana ɗaya a watse, ƙaramin tantin nan zai yi masa, musamman da rani. Faɗana da wanda yake sayar wa manomi shi ne da sunan ɗakin shekara biyar.

IN DAI SAI KA SAYA

Tambayi lambar ruwa da kaurin zare, ka ce a ɗauko maka hoton takardar da ke jikin jakar. In ya fara kame-kame, wuce.

Kada ka tura kuɗi sai kaya ya zo hannunka.

Kunna tocilan wayarka ka manna a jikin yadin. In kana ganin ƙananan huji kamar taurari, ruwa ma zai gan su.

Juya ɗinkin ka nemi tef. Murza cikin yadin da babban yatsa, in ya yi danƙo ko yana wari, tsohon kaya ne da ya daɗe a sito.

Ja zif sama da ƙasa sau ashirin a gaban wanda ya kawo.

Ranar farko ka kafa shi a gida, ka shimfiɗa takarda a ciki, ka sa yaro ya kwara masa bokiti uku, kana ɗaukar bidiyo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

IN KA RIGA KA SAYA

Kada ka bar shi a rana. Naɗe shi da safe, kafa shi da magariba. In ba zai yiwu ba, yi masa inuwa da zana ko kara a sama, ko ka kafa shi a gindin darbejiya da rani. Da damina ka guji gindin bishiya saboda tsawa da karyewar reshe.

Share wurin, ka cire tsidau da kututturen kara, ka shimfiɗa tsofaffin buhuna ko tabarma a ƙasa.

Watsar da 'yan turakun nan. Je wajen mai walda ya yanka maka rodi kamar kamu biyu, ya lanƙwasa kan. In yashi ya yi yawa, cika buhu da ƙasa ka ɗaure igiyar a jiki ka binne.

Juya bayansa gabas, ƙofa yamma. Goge zif da tsohon burushin haƙori, ka shafa masa kyandir. Kada ka naɗe shi da laima.

Wayoyi kuwa, su kwana a robar da take da murfi, ko a cikin tanti ko a waje.

ABIN DA MUKA RAINA

Yanzu ni abin da nake amfani da shi: tamfol mai kauri da na sa aka ɗinke bakinsa aka huda masa idanu, sanduna huɗu, zana biyu ta gefen iska. In kwana ya kama, in rataya gidan sauro a ƙasa. Gidan sauro mai magani an yi shi ne ya kai shekara uku ko wanki 20, ragar tanti kuwa ba ta da magani ko kaɗan. Iska tana wucewa, waya ba ta dahuwa, in tamfol ya huje na liƙe, in sanda ta karye na sari wata. Shi ma tamfol akwai na banza, siririn shuɗin nan rana tana cin sa, don haka ka taɓa kauri kafin ka biya.

Yayana kuwa ya koma rumfar kara irin ta mahaifinmu, ya ɗora leda a tsakanin kara da kara. Karan yana tare rana, ledar tana tare ruwa, kowa da aikinsa. Ba ta da kyau a hoto, ba wanda zai yi mata bidiyo. Amma tana nan a bakin gona har yau.

Mutanenmu sun daɗe suna kwana a gona kafin a ƙirƙiro Facebook. Ba na cewa mu guji sabon abu, ni da sabon abu nake cin abinci. Cewa nake mu yi masa tambayar da muke yi wa waya. Lamba nawa? Don wa aka yi shi? Kwana nawa zai yi a ranarmu?

Wanda ya taɓa sayen irin wannan tanti, ya faɗa mana wata nawa ya yi masa, a kuma faɗi gaskiya ko da ta saɓa wa maganata. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin tura kuɗi kafin kaka.

Allah Ya tsare mana guminmu. Mu haɗu a darasi na gaba, za mu koma kan ramin caji da yadda ake wanke shi ba tare da an lalata shi ba.